Zagi, mari da cizo a ɗakin ICU: ina gyaran yake?

Hajiya Incaj:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ma'aikatan jinya ke yi tsakaninsu amma ba ta cika isowa Zongo ba, wato zagi, barazana, mari, shuri da cizon da nas ke sha a ɗakin kulawa ta musamman (ICU). Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya sukan sha duka a wani lokaci na rayuwar aikinsu. A nan Ghana, binciken da aka yi a kan nas 592, wanda aka buga a 2016, ya nuna fiye da rabinsu an zage su cikin shekara guda, kuma dangin marasa lafiya ne kan gaba wajen zagin.

Roƙona mu raba abu biyu tun daga farko. Akwai mara lafiyan da hankalinsa ya gushe, ya kai naushi bai san ya kai ba. Akwai kuma ɗan uwansa mai cikakken hankali da ya tsaya a ƙofa yana cewa zai tare nas a tasha. Maganin na farko daban, na biyu daban. Haɗa su wuri guda a ce "ai aikin ya gada" shi ya sa aka daɗe ba a gyara ko ɗaya ba.

Ɗan Alabar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba na goyon bayan taɓa kowa, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutum ya taso da mahaifinsa daga Wa ko Bawku, an turo shi Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, saboda nan ne babban asibitin koyarwa na wannan yanki. Yana kwana a baranda. Sau uku a yini a miƙo masa takardar magani ya fita ya saya, inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS) ba ta ɗauke komai ba, kuɗin momo ya ƙare, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga halin da ake ciki. In ya tambaya a ce ya jira likita. Wanne likita, yaushe? Wannan mutumin tun kafin ya buɗe baki ya riga ya cika.

Hajiya Incaj:
Gaskiya ka faɗa Malam, kuma zuwa gare ta za mu yi. Sai dai ka lura, duk abin da ka lissafa babu wanda nas ta ƙirƙira. Ba ita ta sa farashi ba, ba ita ta hana gado ba. Ita ce kawai ke tsaye a wurin awa goma sha biyu, sai fushin ya sauka a kanta.

Likitan Sa Barci:
Bari in ɗauki ɓangaren mara lafiya, don shi ne mafi yawa a ICU kuma shi ne ba a rubutawa. Ruɗewar ƙwaƙwalwa ta gama gari ce ga wanda ke kan na'urar numfashi. Mutumin kirki, limami ma, sai ya farka da bututu a maƙogwaro, hannu ɗaure da robobi, fitila a kunne dare da rana, ya ɗauka sace shi aka yi. Duk wanda ya matso abokin gaba ne a wurinsa.

Idan mara lafiya ya fara fisge-fisge, kada allurar barci ta zama abu na farko. A bi waɗannan da sauri, ba su wuce minti biyu ba. A duba iskar oksijin a allo, a tabbatar maƙalin yatsa na zaune daidai. In ta sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100, a nemi dalili, ko bututu ya toshe da majina, ko ya lanƙwashe, ko ya zame. A soki yatsa a auna sukari. Ƙasa da 3.9 mmol/L kaɗai ya isa ya sa mutum faɗa. A taɓa mara, a bi robar fitsari har jaka. Roba mai lanƙwasa da mafitsara cike tana haukata mutum fiye da yadda ake zato. Sai ciwo: wanda ba ya iya magana ana karanta shi a fuska, da taurin jiki, da yadda yake kokawa da na'ura. Bayan nan zazzaɓi, gishirin jini, da raunin kai ga 'yan hatsarin babur da pragya (keke mai ƙafa uku).

Akwai wanda ake yawan mantawa: yankewar abin da jiki ya saba. Mai shan giyar gargajiya ta akpeteshie kullum, in aka kwantar da shi, mafi munin rikicin yakan zo tsakanin awa 48 zuwa 96 bayan kurɓar ƙarshe, da rawar jiki, gumi, bugun zuciya da gane-gane. Mai shan tramadol ma yankewarsa na iya rikita shi. Dangi kan ɓoye don kunya. A ja babban ɗa gefe a tambaye shi a asirce, a gaya masa don magani ake tambaya, ba don tonon silili ba.

Maman Iklima:
Ƙari kan maganar Dokta ta fuskar magunguna. Midazolam da diazepam suna kwantar da mutum yanzu, amma suna ƙara ruɗewar gobe, musamman ga tsofaffi. Inda suke da gurbi sosai shi ne yankewar giya da farfaɗiya, kuma mai giya a haɗa masa da thiamine (bitamin B1). Haloperidol kuma, maganin kwantar da wanda ya rikice, ba a ba da shi ido rufe. A duba hoton bugun zuciya, in tazarar QTc, wani ma'auni da ake karantawa a hoton, ta haura 500 a dakata, a gyara potassium da magnesium. Abu mafi amfani shi ne likita ya rubuta tun da rana abin da za a bayar in rikici ya tashi da dare, da adadinsa da iyakarsa. Nas da ke riƙe da hannun ƙato ƙarfe biyun dare ba ta da hannun kiran waya.

Likitan Sa Barci:
Haka ne Hajiya. Kuma a riƙa auna zurfin barci da ma'aunin RASS, daga +4 mai kai duka zuwa -5 wanda ba ya motsi, a yi gwajin CAM-ICU na gano ruɗewar ƙwaƙwalwa kowane duti. Wanda ya kai +2 da yamma, a faɗe shi da suna lokacin miƙa aiki. Yawancin naushin dare an ga alamarsa tun la'asar.

Nas Ɗan Tafo:
Ga ƙannenmu masu shigowa aikin, tsayuwa a bakin gado ma ilimi ce. Kada ki sunkuya fuskarki saitin hannunsa ko gwiwarsa. Ki zo ta gefen kafaɗa, ki kira sunansa, ki faɗi abin da za ki yi kafin ki taɓa shi, ko da kina ganin ba ya ji, kuma da harshen da ya sani. Dattijon da Hausa ko Dagbani ko Twi kaɗai yake ji, Turanci a kunnensa ƙarin tsoro ne. Abin sauraren ƙirji kada ya zauna a wuya, almakashi kada ya leƙo daga aljihun gaba, hijabi a cusa shi cikin riga, a bar allurar maƙalawa mai tsini. Zuƙe majina, juya mara lafiya da sauya ƙunzugu ga wanda ya rikice aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙe hannu, ɗaya na aiki.

Ɗauri kuwa shi ne zaɓin ƙarshe, da umarnin likita a rubuce. Maɗauri mai laushi a wuyan hannu, yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da fata. A ɗaure a jikin ƙarfen gadon, ba a shingen gefe ba, don in aka sauke shingen zai fisge hannun. Ƙulli mai kwancewa da ja ɗaya. A riƙa duba launin yatsu da ɗuminsu, a kwance duk bayan awa biyu a motsa gaɓoɓi, a ɗaga kan gado digiri 30. Ba a danne ƙirji ko wuya, ba a kifa mutum. Bandejin gauze da ake murɗawa a yi igiya da shi yana yanka fata, kuma idan dangi suka shigo suka ga shatar jini a hannun babansu, rigima ta biyu ta tashi.

Ɗan Alabar:
To ga shi kai da kanka ka faɗa. Ɗa ya shigo ya ga an ɗaure uwarsa, ba wanda ya gaya masa dalili.

Nas Ɗan Tafo:
Shi ya sa ake gaya masa kafin ya shiga, Yaya. In ta fisge bututun numfashi, ƙarshensa akwai balan-balan a hure, zai iya ji mata rauni a maƙogwaro, kuma cikin mintuna kaɗan iska ta yanke. Wanda aka yi wa wannan bayani a ƙofa ba ya shiga da faɗa.

Anti Nas Aboabo:
Nan nake so in daɗe, domin yawancin rikicin dangi daga abin da ido ya gani ne ba a fassara masa ba.

Zuƙe majina: mara lafiya na tari, fuska ta yi ja, hawaye na zuba. Ga ɗan uwa azaba ce, ga nas buɗe hanyar iska ce ta daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Danna ƙirji lokacin da zuciya ta tsaya: ana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, haƙarƙari na iya karyewa. Wanda ya leƙo ta labule zai rantse dukan mutum ake yi. Ƙarar na'ura: mafi yawanta maƙali ne ya zame ko ruwa ya ƙare, nas ta kalli allo daga nesa ta san ba komai, shi kuwa ɗan uwa gani yake ana wasa da ran mahaifinsa. Sai kuma mafi zafi, ƙirji na hawa yana sauka saboda na'ura bayan rai ya fita, a ce wa dangi ya rasu, su ce ga shi yana numfashi, a kashe na'ura su ce an kashe shi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ranar farko a nemi dangi su fitar da mutum ɗaya, ko biyu, wanda zai riƙa karɓar bayani, a rubuta sunansa da lambarsa a fayil. A sa lokaci tsayayye kullum, misali bayan zagayen likitoci, a zauna a ɗaki, ba a tsaye a baranda ba. Likita ne zai yi bayanin cuta da inda ta dosa, nas na gefe. A bar cewa "yana samun sauƙi" don a rabu da mutum. Wanda aka gaya wa haka da safe, aka ce masa ya rasu da dare, shi ne mai fasa ƙofa. A ce jikin ya yi tsanani, muna iya ƙoƙarinmu, a ci gaba da addu'a, a sanar da na nesa. Maganar kuɗi kuma a raba ta da nas kwata-kwata, ta koma wurin akawu da jami'in walwala, a ba dangi ƙiyasin abin da yini guda zai ci tun farko. A haɗa takardun magani a bayar sau ɗaya da safe in ba na gaggawa ba.

Malamin Yalwa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. In ƙara abin da ya shafi mutanenmu. Ana zuwa da zamzam ko rubutu ko ruwan tofi a gora, ana so a ɗura wa mara lafiya. Nas ta hana, sai a ce ta raina addini. Wanda ba ya iya haɗiya, ruwan huhunsa zai tafi, wannan cutarwa ce, kuma shari'a ba ta yarda da cutarwa ba. A jiƙa auduga a shafa masa a leɓe da goshi, da izinin nas. A bar mutum ɗaya ya tsaya ya yi karatu a hankali kusa da kunne. Haka batun tsiraici: mace a kan gado, namiji na aiki a kanta, miji ya gani ya hau. A ja labule, a rufe jiki, a sa mace a wurin in da hali, a kuma gaya wa miji cewa da dare wani lokaci wanda ke duti ke nan, lalura ce.

Babbar fitina kuwa ranar rasuwa take. Mu muna so a yi sutura a ranar. Amma mutuwar hatsari, ko sara, ko guba, ko wadda ba a san sababinta ba, doka ta sa ta a hannun mai binciken mutuwa, da 'yan sanda a ciki, kuma ana iya buƙatar binciken gawa. Nas ba ta da ikon sakin gawa ko riƙe ta. Matasa ashirin su cika ƙofar ICU suna ihu ba ya motsa takarda ko ɗaya. Dattijo biyu da suka san hanyar ofis sun fi su amfani.

Baba Mai Gadi:
Ta ɓangarenmu. Mai gadi ɗaya a babbar ƙofa ba ya tsare ICU. Ƙofar ɗakin ta zama mai kullewa daga ciki, katin ziyara biyu ga kowane gado, mai fita ya miƙa wa mai shiga. A samu ƙararrawa a ƙarƙashin teburin nas da ke kaɗawa a wurinmu, a riƙa gwada ta, don wadda batirinta ya mutu ta fi babu haɗari, an dogara da ita. A yarda da wata kalma da nas za ta faɗa a san tana neman agaji ba tare da ta tunzura mutumin ba. Lokutan da muka fi buƙatar ƙarin mutum sanannu ne: ƙarshen lokacin ziyara, daren Juma'a da Asabar, da rabin awar da ke bin sanar da rasuwa. A kira mu kafin a sanar, mu tsaya nesa kaɗan, ba bayan an fara jifa da kujera ba.

In mutum ya harzuƙa: tazarar hannu biyu, ƙofa a bayanki ba a bayansa ba, mutum ɗaya ke magana, murya ƙasa, a ba shi kujera. In ya ɗaga hannu ko ya ambaci makami, magana ta ƙare, a fice a kira lambar gaggawa 112 ko ta 'yan sanda 191.

Ƙanwar Sawaba:
Don Allah Anti, in an ciji mutum ko an tofa masa yawu a ido fa? Ɗalibai da yawa shiru suke yi don tsoron a ce sun yi sakaci.

Anti Nas Aboabo:
Ƙanwata, shirun ne sakacin. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, kada a matse, kada a zuba bilic. Ido a wanke da ruwan gishirin asibiti sosai. A gaya wa incaj, wato shugabar ɗakin, a lokacin, a je a ga likita a wannan dutin. Cizon mutum da ya huda fata, musamman a hannu, yana saurin ruɓa. Galibi ana ba da amoxicillin mai haɗe da clavulanate, a duba rigakafin tetanus, kuma ba a cika ɗinke shi ba. Kamuwa da HIV ta cizo abu ne mai wuya in ba jini a bakin, amma likita ne zai auna. In ana buƙatar maganin kariya, a fara cikin awanni, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamawa kuma yana da yawa a ƙasar nan, don haka duk mai aiki a ICU ya cika alluransa uku.

Sannan a rubuta: rana, lokaci, gado, abin da aka faɗa kalma da kalma, wanda ya gani, hoton raunin. Ko mara lafiya ne da ba ya cikin hankalinsa a rubuta, ba don a hukunta shi ba, don na dutin gaba ya sani, kuma don hukumar asibiti ta ga dare nawa nas ɗaya ke riƙe da gado uku alhali mai na'urar numfashi nas guda yake buƙata shi kaɗai.

Alhajin Akwatia Line:
Duk na yarda. Amma batun kai ɗan uwan mara lafiya wurin 'yan sanda, a yi hattara. Mutum uwarsa ta rasu, ya fita hayyacinsa, ya yi mari. A haɗa masa makoki da sel? Muna da sarakunan Zongo, muna da limamai. A kira shi, ya ba da haƙuri a gaban mutane, ya biya magani, a wuce wurin.

Lauyan Asawase:
Alhaji, da girmamawa, sulhu na da wurinsa amma ba shi ke fara zuwa ba. Dokar laifuka ta 1960 ta sa mari da duka a sashe na 84, barazanar cutarwa a 74, barazanar kisa a 75, ji wa mutum rauni a 69. Biyun nan, 69 da 75, manyan laifuka ne. Dokar kotuna ta 1993, sashe na 73, ta ba kotu damar ƙarfafa sasanci a ƙananan laifuka kawai. Ke nan ko sulhun doka ta san da shi, amma bayan an kai rahoto, an karɓi fom ɗin likita daga 'yan sanda an cike. Abin da ke faruwa shi ne dattawa su je gidan yarinya da dare, a taru a kanta da "ki yi haƙuri", ta janye don kunya, gobe ta koma aiki kowa ya san an mare ta ba abin da ya biyo baya. Yafiyar da aka matsa wa mutum ba yafiya ba ce.

Kuma nauyin ba a kan nas kaɗai yake ba. Dokar ƙwadago ta 2003, sashe na 118, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki samar da wurin aiki mai aminci. Sashe na 119 ya ba ma'aikaci damar sanar da shugabansa ya janye daga haɗarin da ke gab da shi, ba a kore shi ko a yanke masa albashi ba. Asibiti ne ya kamata ya raka ta ofishin 'yan sanda, wakilin GRNMA, ƙungiyar nas da ungozoma ta Ghana, na gefe.

Alhajin Akwatia Line:
To in ita da kanta ta zaɓi yafewa fa?

Lauyan Asawase:
Haƙƙinta ne, Alhaji, matuƙar laifin na cikin waɗanda ake sasantawa. A bar ta ta huce, a tambaye ta ba a gaban masu roƙo ba, rahoton kuma ya zauna a littafi.

Hajiya Incaj:
Akwai cin zarafi na uku da ba mu taɓo ba, na cikin gida tsakanin ma'aikata. Babba ya daka wa nas tsawa a gaban dangi, ko ya jefar da fayil, ko manyan nas su ware sabuwa su jibga mata gado mafi wuya, ko mai kai hannu inda bai dace ba a ɗakin magani da dare. Binciken nan na 2016 ya samu kusan kashi 12 cikin 100 da aka yi wa cin zarafi na lalata, kuma likitoci ne suka fi yawa cikin waɗanda aka ambata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan uwan da ya ga an wulaƙanta nas a gabansa da safe ya koyi yadda zai yi mata da yamma. Illarsa ga mara lafiya kai tsaye ce, domin nas da ke tsoron tsawa takan jinkirta kiran likita. Dole a samu hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba.

Ɗan Alabar:
Hajiya, to ita nas mai baƙar magana fa, ina dangi za su kai ta?

Hajiya Incaj:
Wurin incaj tukuna, sai shugabar ma'aikatan jinya ko teburin ƙorafi na asibiti, in abin ya girma har Majalisar Nas da Ungozoma mai ba da lasisi. A riƙe suna, rana da lokaci. A bar ɗaga waya ana ɗaukar bidiyo a cikin ɗaki, akwai marasa lafiyan wasu kwance ba sutura sosai.

Malamin Yalwa:
Anti Nas, bayanin nan naki na majina, danna ƙirji, ƙarar na'ura da ɗauri, ki rubuto shi shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi. Za a karanta a masallatai bayan Juma'a da wuraren makarantar mata, a nemi mai juya shi Twi. Ɓangaren ruwan tofi da sakin gawa ni zan rubuta, Lauya ya duba min kafin Alhamis.

Anti Nas Aboabo:
In sha Allah Malam. Dokta, ka turo min abin da kake so a faɗa game da kashe na'ura bayan rasuwa, don a nan nake so kalmomin su fito daidai.